Abu Gayib da Waƙar da Ya Ɓoye wa Abu Lu'ay

Kafin Hajji Mudaffar ya iso da makullin gidan shisharsa, Hikmat ya riga ya sauka daga ƙaramar bas a bakin titin Karrada, da burodinsa guda ɗaya a takarda. Ba ya sauri. Yana tafe yana karanta bango, kuma ba tallan 'yan takara yake karantawa ba. Baƙaƙen ƙyallayen nan da ake ratayawa idan an yi rasuwa yake dubawa, ya ga sunan wa aka rubuta, ɗan wane gida ne, a ina ake zaman makoki. In ƙyallen sabo ne kuma a layinmu yake, to lasifikar da ke kallon titi ba za ta yi ko tari ba har sai an tashi daga zaman. Daga nan sai ya shiga, ya hure ƙurar da ta kwana a kan injinsa, ya sha shayinsa a tsaye, ya zauna a lungunsa na bayan ginshiƙi. Aikinsa ke nan, shi yake zaɓar waƙar da za mu ji.

Mu ba ma kiransa Hikmat. Abu Gayib muke ce masa, uban wanda bai zo ba, kamar yadda ake kiran duk namijin da ya manyanta bai samu haihuwa ba, don kada a bar shi ba alkunya a cikin mutane. Ya taɓa aure, matar ta rasu tun muna da baƙin gashi, bai sake ba. Ya fara aikin nan tun ana juya kaset da biro, ya ga zamanin faifai, ya ga na kwamfuta, yanzu ga shi a ƙarshen watan nan zai ajiye. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Waɗanda suka rera waƙoƙin an yi musu kirari har an gaji, an liƙa hotunansu a gilashin tasi, amma ban taɓa ganin an rubuta layi ɗaya a kan mutumin da ke zaune yana auna wacce za ta shiga kunnen wa ba.

Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne. Na koya wa yara inda Suwidin take a taswira, suka girma suka tafi can, har da nawa biyun. Irina ne rabin masu zuwa gidan Hajji da rana, tsofaffin da gidajensu suka yi musu yawa, kowa ya ajiye wayarsa a kan tebur fuskarta sama yana jiran ta haska. Ɗaya rabin kuwa samari ne masu gashi a tsaye, masu son kiɗan da zai sa kofin shayi rawa a kan faranti. A haɗa waɗannan biyun a ɗaki ɗaya, ƙarƙashin hayaƙi ɗaya, a tashi lafiya, ba ƙaramin aiki ba ne. Amma in ka tambayi Abu Gayib mene ne aikinsa, ba wannan zai faɗa maka ba. Kujerar bakin taga zai nuna maka da haɓa.

Kujerar Abu Lu'ay ce, tsohon direban jar bas mai hawa biyu, irin waɗanda muka hau zuwa makaranta. Ɗansa namiji ɗaya ne, Lu'ay, kuma yana cikin samarin da suka kama hanyar teku a shekarar da kowa ke neman tsallakawa Turai. A gidan nan yaron ya yi sallama da abokansa ana gobe zai tafi. Akwai wata waƙar rawar cobi da ta cika gari a lokacin, waƙar banza in ni za a tambaya, baiti biyu ne ake ta nanatawa, amma ƙafa ba ta iya jinta ta zauna lafiya. Abu Gayib ya sa musu ita, samari suka jeru kafaɗa da kafaɗa, Lu'ay a kan gaba yana kaɗa carbin babansa a sama. Jirgin ruwan da ya shiga bai kai ɗaya gaɓar ba. Ba a ga gawa ba, saboda haka ba a rataya ƙyalle ba, ba a yi zaman makoki ba, ba wanda ya iya buɗe baki ya yi wa uban ta'aziyya. Tsohon ya bar gemu, ya shige ɗaki ya rufe. Matarsa ta rasu ba da daɗewa ba, 'yarsa kuma tana Ostareliya da mijinta.

Mun je, mun gaishe shi ta bayan ƙofa, mun gaji mun daina. Abu Gayib ne bai daina ba. Da ya matsa masa, sai tsohon ya faɗa masa gaskiya: ba mutane yake gudu ba, waƙar yake gudu. Tana cikin tasi, tana shagon mai kayan marmari, tana wayar yaron maƙwabta, duk inda ya sa ƙafa tana jiransa. Sai Abu Gayib ya ce masa ta kafar ƙofa, "Abu Lu'ay, ko'ina za ka iya jinta, ban da wurina. Muddin ni ne a kan injin nan, waƙar nan ba za ta shiga kunnenka ba. Fito ka zauna cikin mutane."

A kan wannan alkawari tsohon ya fito. Tun daga lokacin kullum bayan la'asar yake zuwa, yana dogara sanda, ya zauna a bakin taga, a kawo masa shisha mai ƙanshin tuffa da shayin busasshen lemun tsami. Ba ya zuwa ko'ina bayan nan sai masallaci. Ba ya yawan magana, amma yana kallon domino, wani lokacin har ya yi tsaki in na yi wasan wauta. Dukkanmu mun san abin da ya riƙe shi a kujerar nan, mun kuma san ranar da alkawarin ya karye zai koma ɗaki, kuma ba mu ga mai sake fito da shi ba sai masu ɗaukar makara.

Wanda bai sani ba zai ce ai abu ne mai sauƙi, a goge waƙar daga inji a huta. Abu Gayib bai goge ta ba. Ya ce ba ta wa kowa laifi ba, kuma akwai angwayen da suka yi rawa da ita suna nan da ransu da 'ya'yansu, suna da haƙƙin su ji ta. Da hantsi in an roƙa yana sawa. Da zarar an yi kiran la'asar kuwa, ko wa ya zo da roƙo sai ya haƙura. Na ga wani ƙaton saurayi da tawagarsa ya tsaya a kansa yana cewa, "Baffa, wai gidan naka ne ko na masu zuwa?" Abu Gayib ya amsa masa cewa gidan na Hajji ne, kunnuwan da ke ciki ne nasa, ya kuma sa masa wata da ta fi ta zafi, har yaron ya manta abin da ya zo nema.

Kai ne mai gadin kunnuwa, Abu Gayib. Mu muna ganin kamar waƙa kake saurare, ashe mu kake saurare. Kai ka koya min cewa shisha tana magana. In waƙa ta zauna wa mutane daidai, ruwan tukwane yana ta ɓul-ɓul a hankali, kowa na zuƙa yana hira. In ta gundure su, zuƙar sai ta yi sauri, a fara buga domino da ƙarfi. In kuwa ruwan wani tebur ya yi tsit ana tsakiyar waƙa, to ta taɓa wani a inda ba a taɓawa, sai ka sassauta lasifikar wannan lungun, ka zame zuwa wata ba tare da kowa ya lura ba. Kai ne ka san da safe muryar Lubnan mai sanyi ake so, bayan azahar doguwar ta Masar da mutum zai yi gyangyaɗi a cikinta, in samari sun cika kuma sai tamu ta gida, wadda mawaƙi zai fara da dogon kukan murya kamar an kashe masa dangi, kafin ganga ta shigo kowa ya hau tafi. Mu 'yan Iraki ko a biki sai mun fara da kuka, kuma ka san daidai gwargwadon kukan da ɗaki zai iya ɗauka.

Sattar mai garwashi, wanda yatsunsa suka ƙone har ba sa jin zafi, shi ya ba ni labarin mutumin Mosul. Bayan yaƙin garinsu ne, wani dattijo ya shigo shi kaɗai, ya zauna can ƙurya yana fuskantar bango, shayinsa ya huce bai taɓa ba. Kalma biyu kawai ya furta wajen yin oda, Abu Gayib ya tsinci harshen garinsu a ciki. Bai je ya gaishe shi ba, bai tambaye shi me ya kawo shi ba. Lasifikar ƙuryar kawai ya buɗe ƙasa-ƙasa, ya sa wata tsohuwar waƙar mutanen can, sauran ɗakin kuwa suna jin abin da suke ji. Sattar ya ce da ya zo canza garwashi, ya tarar mutumin ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na motsi. Washegari mutumin ya dawo da ƙaninsa.

Shi kansa Hajji Mudaffar bai tsira ba. Waƙa ɗaya ya sani a duniya, wata ta Masar mai tsawon tafiyar Basra, kuma kullum sai ya roƙe ta a lokacin da bai dace ba. Abu Gayib yakan ce masa, "Hajji, in na sa ta yanzu yaran nan za su yi barci da mesa a baki, su ƙona maka kujeru." Hajji ya yi ta mita yana cewa shi da gidansa an mai da shi ɗan haya, amma bai taɓa miƙa hannu ga injin ba. In Muharram, watan makoki a wurinmu, ya kama kuwa, Abu Gayib yana lulluɓe injin da zane, kuma ba ya fashin zuwa. Yana zaune a lungunsa hannu a cinya, mu sha hayaƙi cikin shiru tare da shi.

Abin da ba mu lura da shi ba, mu da muke ganinsa kullum, shi ne kunnensa ya fara tafiya. Shekarun zama a gindin lasifika ne, ko fashewar bam ɗin nan da ta zubar da gilasan layinmu ce, Allah ne masani. Ya ɓoye, kuma ya iya ɓoyewa. Ya koma kallon leɓɓa, ya koma dafa tebur don ya ji bugun ganga a tafin hannu. Sai dai lungunsa a bayan ginshiƙi yake, ba ya ganin ƙofa daga can. Da can ba ya buƙatar gani. In mutum ya shigo ya zauna, kowa na ɗaga hannu ya yi masa gaisuwarmu ta maraba, ya ce masa "Allah bil-ker," kuma daga yadda aka faɗe ta yake sanin wanda ya zo. Ta abokin wasa da ihu ake yinta, ta baƙo a taƙaice, ta Abu Lu'ay kuwa muryoyi ne ke sauka ƙasa gaba ɗaya.

Ranar wata Alhamis ce a tsakiyar zafi, irin zafin da kwalta ke kama takalmi. Ɗaliban jami'a sun gama jarrabawa sun cika gidan tun azahar, suka roƙi waƙar nan, wadda yanzu ta zama tsohon yayi abin sha'awa a wurinsu. Ba a yi la'asar ba tukuna. Abu Gayib ya leƙa kujerar bakin taga, ya ga babu kowa. Bai san janaretan layin su Abu Lu'ay ya mutu ba, zafi ya koro tsohon da wuri, kuma saboda rana na dukan tagar ya zauna kusa da na'urar sanyaya ɗaki, daidai ɗaya gefen ginshiƙin, inda Abu Gayib ba ya gani. Mun yi masa gaisuwarsa ƙasa-ƙasa kamar kullum. Abu Gayib bai ji ba. Ya danna.

Ina tebur na gaba da tsohon, kuma abin da na gani ya fi ihu ba ni tsoro. Bai zabura ba. Yana zuƙar shisharsa, yatsansa na buga gwiwarsa yana bin gangar. Sattar ya ajiye kaskon garwashi ya nufi lungun yana kiran Abu Gayib, amma ɗalibai sun riga sun jeru sun tare hanya, shi kuma wanda ake kira kansa na sunkuye. Sai da waƙar ta kai wajen rabi, yatsan ya tsaya. Tsohon ya ajiye mesar a hankali, ya lalubi sandarsa, ya bi ta bayan masu rawa ya fita. Lokacin da Sattar ya kai ga injin ya kashe, ba abin da ya rage a kujerar sai hayaƙi na tashi daga garwashi.

Bai zo washegari ba, bai zo ranar da ta biyo ba. Maƙwabcinsa ya ce tagogin gidan a rufe suke, ko masallaci ya daina fita. Kujerar bakin taga ta zauna ba kowa, don ba mai ƙarfin halin zama a kanta. Abu Gayib ya ci gaba da zuwa yana aikinsa, amma burodinsa na safe yana nan a takarda har yamma. Ban taɓa ganin kaɗaici irin nasa na kwanakin nan ba. Ga shi a tsakiyar mutane, ga waƙa na tashi daga hannunsa, shi ba ya jinta sosai, mu kuma kunya ta hana mu yi masa maganar. Na yi fushi da kaina, na yi fushi da ɗaliban da ba su san komai ba, na yi fushi har da janareta.

Sai Abu Gayib ya samu Hajji Mudaffar ya ce zai ajiye aiki, ya kuma faɗi dalilin a fili, kunnensa ya mutu. Hajji ya ce masa ya daina shirme, shi da aka gina gidan aka tarar da shi a ciki, za a sayo masa abin sawa a kunne, za a matsar da injin inda zai ga ƙofa. Abu Gayib ya ce ba kujerar Abu Lu'ay kaɗai ba ce, kusan kowane tsoho a ɗakin nan yana da waƙar da ba ya so ta same shi ba shiri, kuma shi ba zai zauna yana jiran ya yanki na biyu ba. Amma ya ce kafin ya tafi akwai inda za shi, yana so in raka shi.

Da muka haɗu bayan la'asar, sai na gan shi da Usta Yalda wanzami, riƙe da jakar askinsa. Nan na gane abin da yake nufi. A wurinmu mai makoki ba ya cire wa kansa makoki. In kwanakin sun cika, 'yan'uwa da abokai ne ke kawo masa wanzami har gida a aske gemun, su ce masa ya isa haka, ya dawo cikin masu rai. Abu Lu'ay ba wanda ya taɓa kai masa wanzami, don kai wanzami daidai yake da cewa yaron ya mutu, kuma ba a samu mai bakin faɗar haka ba. Na ce wa Abu Gayib anya kuwa, mutumin da za mu je ba wa haƙuri ne za mu tunkara da aska? Ya ce ba zai shigar da shi ba sai an nema, ya tsaya a lungu kawai. Usta Yalda ya ce shi dai in aka jefo takalmi ba ruwansa, mu ne a gaba, kuma kada a manta shi Kirista ne mai 'ya'ya, bai shirya yin shahada a kan gemun wani ba.

Tsohon ya daɗe kafin ya buɗe. Ya rame, rigar jikinsa ta kwana biyu ba a canza ba. Ya ba mu hanya, muka zauna a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar lemon da ba a ba ta ruwa ba. Abu Gayib bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Na yi maka alkawari, na karya shi. Kunnena ya tafi, na ɓoye, girman kai ne ya hana ni faɗa. Ba don ka yafe min na zo ba. Na bar injin, ka koma kujerarka."

Abu Lu'ay ya sunkuyar da kai ya yi magana can ƙasan maƙoshi. Ni na ji. Abu Gayib kuwa gemu ya rufe masa leɓɓan da zai karanta, sai ya juyo gare ni yana tambaya da ido. Na rasa yadda zan yi. Maganar ba irin wadda ake ɗaga murya a faɗa ba ce. Na matsa kusa da kunnensa na fara maimaitawa, sai tsohon ya ɗaga min hannu. Ya jawo kujerarsa har gwiwarsa ta taɓa ta Abu Gayib, ya buɗe murya yadda duk layin zai ji.

"Na ce ban gane ta ba! Ba kai ka kore ni ba, Hikmat. Ina zaune ina buga mata gwiwa, ina cewa wannan waƙa da daɗi take. Sai da ta kai rabi na san ta ɗana ce. Wane irin uba ne wannan?"

Abu Gayib ya ce shi ne ya rufe masa kunne duk shekarun nan, kuma ko sau ɗaya bai koma ya tambaye shi ko har yanzu yana son a rufe ba. Tsohon ya girgiza kai, ya ce ba don rufewar ba da tuni ya mutu a ɗakin can. Sai ya tambaya ko waƙar tana tare da Abu Gayib. Tana tare da shi, a ɗan rediyon da ba ya rabuwa da aljihunsa.

Ya ɗora rediyon a kan gwiwar tsohon, ya kunna, ya bar hannunsa a kai don shi ma ya ji ta a tafinsa. Waƙar banzar nan ta cika tsakar gidan da aka daɗe ba a yi dariya a ciki ba. Abu Lu'ay ya saurare ta daga farko har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa, yana nuna mana da yatsa: a nan yake durƙusawa, a nan yake buga ƙafa, a nan ya kusa tsinka min carbi. Da ta ƙare ya share fuska da hannun riga, sannan ya tambaya wane ne yake ta tari a lungunsa tun ɗazu. Muka faɗa masa. Ya shafa gemunsa tun daga kunne har ƙirji, ya ce a shigo da shi, kada a ce an bar baƙo a waje a gidan Abu Lu'ay.

Usta Yalda ya shigo, ya buɗe jakarsa, ya aske gemun tas. Fuskar da ta fito daga ƙarƙashin gemun fara ce sol daga kunci zuwa haɓa, ta wani mutum da muka manta kamanninsa. Na ɗaga hannu na ce a yi wa Lu'ay Fatiha. Muka karanta, wanzamin ya yi tasa addu'ar irin ta addininsa, sannan muka bi layi muka yi wa uban ta'aziyyar ɗansa, karo na farko.

Abu Lu'ay ya dawo. Yana zuwa bayan la'asar, ya zauna a bakin taga, yana yi min tsaki a kan domino fiye da da. Wani lokacin shi da kansa yake aika Sattar a sa masa waƙar, wani lokacin kuma ya yi makonni bai nema ba. Mun yi zaton wannan zai sa Abu Gayib ya fasa tafiya, amma ya ƙi. Sattar zai karɓi injin, kuma kwanakin nan za ka gan su a lungu, tsohon yana nuna masa mutane ɗaya bayan ɗaya da haɓa, yana faɗa masa wanda za a kiyaye da abin da za a kiyaye masa. Na ji ya ƙara masa da abu ɗaya da shi bai yi ba a zamaninsa: lokaci-lokaci ya riƙa komawa yana tambayarsu.

Mun gode, Abu Gayib. Kai da ba ka haifa ba, ka riƙe wa wani uba ɗansa har ranar da ya iya karɓa. Mun gode da waƙoƙin da ka sa mana, mun fi godiya da waɗanda ka hana. Allah ya saka maka da alheri, ya sa abin da ya rage na jinka ya ishe ka jin kiran salla da muryar masoya.

Ku kuma masu riƙe da inji a gidajen shisha da na shayi, daga Basra har Erbil, na san waya tana iya jero muku waƙa dubu ba ku ɗaga kai ba. Ku ɗaga kan dai. Ku dubi wanda ya shigo shi kaɗai, ku dubi bangon layinku kafin ku buɗe lasifika. Mu kuma da muka sha hayaƙi a inuwar mutumin nan, daga wata mai zuwa yana ɗakinsa na saman bene a Bab Sharki, shi kaɗai, ba mata, ba ɗa, ba mai kiransa a waya daga wata ƙasa. Matakalar tana da tsawo, gwiwoyinmu kuma sun tsufa, amma a hau. In kun je kada ku tsaya ƙwanƙwasa ƙofa, ba zai ji ba. Ku tura ku shiga, ku zauna ta hagunsa, ta nan ne yake ɗan ji.